Ƙafa Mace Ce

Tagar ɗakina a unguwar Al Aziziya ta birnin Doha ba titi take kallo ba, bayan gidan maƙwabta take kallo. Gidan da nake haya babban gida ne da aka yanyanka da allunan katako aka mayar da shi ƙananan ɗakuna, ni kuma rabona ya faɗo a bene, a wani lungu da asalinsa wurin ajiye kaya ne. Na so shi don babu mai wucewa ta ƙofarsa. Da annoba ta zo aka rufe jami'a, aka ce kowa ya yi karatu daga inda yake, sai rayuwata ta taƙaita a kan teburi da littattafan nahawu da wannan taga.

Abin da ke cikin tagar bai da yawa. Fili ne mai tsakuwa, da bishiyar kurna guda ɗaya, da wani farin ɗaki mai taya da mutanen ƙasar ke kira karaban. Tsawonsa ya kai na ƙaramar bas. Tayoyinsa huɗu duk suna can baya, gabansa kuwa ya ɗaga ya miƙo kamar wuyan raƙumi. A ƙarƙashin wuyan akwai wani guntun ƙarfe mai kauri, wanda ake zurawa cikin farantin da ke bayan a-kori-kura idan za a ja shi. In babu mota, ƙafafu biyu na ƙarfe ne ke ɗauke da gaban. Da tsakar rana, idan zafi ya sa iska tana rawa, sai in ga kamar karaban ɗin ya rabu da ƙasa yana lilo a hankali, kamar jirgin ruwan da aka ɗaure a gaɓa. Nakan daɗe ina kallonsa da alƙalami a hannu, shafin da nake kai bai motsa ba.

Wani dattijo ne ke zaune a ciki. Siriri ne, dogo, gemunsa fari. Kullum da hantsi yakan fito da buta ya zuba wa kurnar ruwa, ya share gindinta, ya zauna a kan matakalar karaban ɗin yana waya. Na ɗauka mutumin Sudan ne, har wata rana iska ta kawo mini muryarsa ta tsallake katanga, na ji Hausa. Wata Hausa ce da ban saba da ita ba, mai sauri, mai santsi, babu ƙa babu ɗa, amma Hausa ce. Na rufe littafin na tsaya a jikin taga har ya gama. Sai da na yi sati uku ina sauraronsa kafin na iya yi masa sallama, ita ma don ya ɗaga kai ne ya kama ni ina kallo.

"Kai ɗan ina ne?" ya tambaya.

Na gaya masa.

"Najeriya. To, sauko, Malam Najeriya. Tsaya daga wancan gefen katanga, ni ina nan, cuta ba ya tsallake bulo."

Haka muka yi shekarar farko, katanga a tsakaninmu, takunkumi a fuskar kowa. Na koma ce masa Baba. Mutumin Zongo ne daga Ghana, ya fi shekara ashirin a Doha yana tuƙi. Aikinsa na musamman shi ne jan wannan karaban zuwa bakin teku duk lokacin sanyi, ya kafa shi, ya zauna gadi har iyalin kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, su gama hutunsu. Da aka rufe unguwar ma'aikata a farkon annoba, tsohon kafilin ne da kansa ya sa aka ɗauko shi daga ɗakin da suke kwana su shida, ya ce ya zauna a karaban har abin ya wuce. Idan Baba ya dafa wake da shinkafa irin nasu mai ja, sai ya ɗora kwano a kan katanga ya ja da baya, ni kuma in zo in ɗauka.

Akwai abu ɗaya a maganarsa da ya daɗe yana yi mini kaikayi a kunne. A bakin Baba babu mace. Rana ya fito, mota ya lalace, matana ya ce in gaishe ka. Ranar da ya fara ba ni labarin autarsa, sai da ya kai wajen ɗan kunne da gyale kafin na gane ba namiji ba ne. Ni kuwa a lokacin fassara nake karanta, kwana nake ina tashi da lamiri da jinsi, har na zama mutumin da ba ya iya jin jimla ba tare da ya duba ɗinkinta ba. Ban taɓa yi masa gyara ba, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Amma a zuci ina gyarawa. Yana cewa ya, ni ina mayar da ita ta, kamar mai bin bayan manomi yana tsince ciyawa.

A sanyi na biyu tsohon kafilin ya rasu. Iyalin ba su ƙara zancen bakin teku ba. Karaban ya ci gaba da tsayuwa inda yake, kurna tana zuba masa 'ya'ya a rufi, ƙafafunsa suna nutsewa cikin tsakuwa kaɗan kaɗan. Aka buɗe gari, aka cire takunkumi, na koma jami'a, na fara shiga ta ƙofa maimakon tsayawa a katanga. Sai gari ya soma cika da tutoci saboda gasar ƙwallon duniya. Ghana ta samu shiga, kuma mu ta ture ta shiga, abin da Baba bai bar ni na manta ba ko na yini ɗaya.

"Ku zo ku yi mana tafi," yake cewa. "Tafi ma aiki ne."

Wata Asabar da la'asar na same shi zaune a matakala, bai share gindin kurna ba. Ɗan kafilin, wanda gidan ya koma hannunsa, ya zo da safe. Ya ce yana da baƙi da za su zo kallon ƙwallo, yana so a kai karaban bakin teku su sauka a ciki. Idan karaban ya tashi, Baba yana da aiki. Idan ya ƙi tashi, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yanka shi a nan, kuma iƙamar Baba, wato izinin zamansa a ƙasar, da za ta ƙare a watan ba za a sabunta ta ba. Bai faɗa da zafi ba, in ji Baba, yaron kirki ne, sai dai yana da direbobi biyu matasa, kuma karaban ne kaɗai abin da babu wanda ya iya sai Baba.

Matsalar ƙafafun ce. Baba ya ɗauko mariƙin juyawa ya zura ya nuna mini. Ya danna da dukan ƙarfinsa, ko motsi. Gishirin tekun shekaru da zaman shekara biyu da rabi sun haɗe su da tsatsa, sun sandare a ƙasa ƙasa, yadda mota ba za ta iya shiga ƙarƙashin wuyan ba. Ya kira gareji uku. Kowa ya ce aikin gasar ya sha masa kai, a kawo karaban ɗin in ana so, su ba za su fito ba.

"Gida zan koma, ai ba nan za a binne ni ba," ya ce. "Amma ina so ni in ce na gama. Ba a ce mini na gama ba."

Ya shiga ciki ya fito da wani littafi da ya kumbura don laima, wanda ya zo tare da karaban ɗin tun yana sabo. Ya miƙo mini.

"Idona na nesa lafiya lau, ina ganin raƙumi tun yana bayan tudu. Na kusa ne ya tsufa. Kai ka karanta, ni in yi."

Ban taɓa riƙe sifana ba a rayuwata. Amma littafi ne, kuma littafi na sani. Na yi kwana huɗu a kansa. Na fassara babin ƙafafun zuwa Hausa a wani sabon kundi, mataki mataki, na zana kowane ƙarfe na ba shi lamba. Na gane cewa kowace ƙafa bututu ne a cikin bututu, da dogon zare na ƙarfe a tsakiya. Ta hagu ce mai haƙoran giya, ita ake juyawa, ta dama kuma tana bin ta ne ta hanyar wata doguwar sanda da ta ratsa ƙarƙashin wuyan ta haɗa su. Na auna tsoffin ƙafafun sau uku, a ranaku daban daban, don kada in yarda da kuskure ɗaya sau biyu.

Muka je unguwar masana'antu neman sababbi. Bas ta bi da mu ta gefen Asian Town, inda ma'aikata suka cika bakin shaguna sanye da rigunan ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba. Baba yana ta gaisawa da mutane ta taga. A shago na biyar wani Ba'indiye ya karɓi kundina, ya duba zanen, ya dube ni, ya shiga ciki ya daɗe. Ya fito yana jan dogon kwali mai ƙura. Su kenan suka rage masa, ya ce, ƙafa biyu da sanda ɗaya, wasu ba za su zo ba sai bayan ƙwallo. Ɗan kafilin ya aiko da mota ta kwaso mana su.

Mun fara ranar Juma'a bayan asuba, lokacin da unguwa take shiru kamar an kwashe mutanenta. Zafi ya riga ya karye. Muka sa wa tayoyi waigi gaba da baya. Muka haƙa rami a gindin kowace ƙafa, don ta ƙasa ake zare su. Baba ya aro jak biyu na ɗaga mota wajen wani abokinsa, muka ɗaga gaban a hankali, nan kaɗan, can kaɗan, har tsoffin ƙafafun suka saki ƙasa. Littafin ya ce kada a dogara da jak kaɗai, don haka na jera guntayen katako masu kauri a ƙarƙashin ƙarfen gindi, biyu a tsaye biyu a gicciye, har suka kusa taɓa shi. Baba ya ce ɓata lokaci ne, amma ya bar ni. Na shimfiɗa jarida a inuwa, duk notin da ya kwance in karɓa in ajiye a layi in rubuta lambarsa a gefe.

"Noti ma sai ya bi layi," ya ce. "Kamar masu jiran alluran rigakafi."

Wasu notunan sun ƙi. Sai ya fesa musu mai ya ce mu ba su lokaci su yi tunani. A irin wannan jira nakan kwanta rigingine a ƙarƙashin wuyan karaban, tsakuwa tana da sanyi a bayana. Haske yana ratso ganyen kurna ya faɗo a kan farin ƙarfe yana yawo, kurciyoyi suna kuka a kan katanga, daga nesa ana gwada lasifikar filin wasa, murya ta tashi ta ɓace. Wani lokaci sai in rasa a wace ƙasa nake. Ƙanshin giris ya koma mini na garejin da ke bakin layinmu a gida, inda nake wucewa da jakar makaranta ban taɓa tsayawa ba.

Da muka zare ƙafar hagu muka kwantar da ita, sai yashi ya zubo daga cikinta, fari, mai laushi, ba irin na unguwar ba. A cikinsa akwai ƙananan ɓawon katantanwar teku, wasu ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Baba ya tara hannu ya tare shi. Ya ce wannan yashin wurin da suke sauka ne, can kudu, inda tuddai ke gangarowa su shiga ruwa kai tsaye ba tare da gaɓa ba. Ya ce da sassafe hazo yakan rufe ƙasa, ka fito daga karaban ka ga babu yashi babu ruwa, kai kaɗai a tsaye a kan fari. Tsohon kafilin yakan fito da jallabiyar barci ya zauna kusa da shi, su sha shayi. Shekara goma sha tara haka. Ya zuba yashin a gwangwanin madara ya kai ciki.

A ranar, da ƙailula, na yi mafarkin karaban ya tashi da ƙafafunsa biyu yana tafiya a kan titin unguwa, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar zalɓe a fadama, motoci suna ba shi hanya, Baba yana zaune a matakala da butarsa.

Asabar muka gama ta hagu. Ta zauna daram, na duba kowane noti da kundi. Lahadi da safe muka zura ta dama, muka ɗaure ta a jikin gindi. Bututunta na ciki yana sama, fil ne ya riƙe shi, bai taɓa ƙasa ba tukuna. Ni ina durƙushe a gefen dama, ƙafar tana hagu da ni, jak yana dama da ni. Baba ya sunkuya can ƙarƙashin wuyan, kansa dab da ƙarfen gindi, yana ƙoƙarin daidaita sabuwar sandar tsakanin ƙafafun biyu. Ba ya ganina, ni ma bayansa kawai nake gani.

"Malam," ya ce, "sauke shi ƙasa. Sannu sannu."

Na dubi hagu, na dubi dama. Ƙafa, ita. Jak, shi. Kaina ya yanke hukunci kafin in yi tunani, yadda yake yi a kan takarda. Wani abu a raina ya ce kundi bai ce haka ba, kundi ya ce ƙafa ta fara taka ƙasa. Amma Baba ya kusa shekara ashirin yana wannan aiki, ni kuma kwana uku, kuma tambayar dattijo abin da ya riga ya faɗa a sarari ta yi mini nauyi a baki. Na kama mariƙin jak na murɗa.

Tsohon jak ne, bai san sannu ba. Ya saki gaba ɗaya. Gefen dama na karaban ya faɗo kamar faɗin yatsu huɗu ya daki katakon da na jera, da wata ƙara da na ji a haƙorana. A ciki kwanuka suka zube, wani abu na gilashi ya fashe. Kurciyoyi suka watse. Sai shiru, sai 'ya'yan kurna da ke gangarowa daga rufi suna faɗowa ɗaya ɗaya.

Baba ya fito da baya da baya, ya zauna a tsakuwa. Hularsa ta faɗi, goshinsa ya kurje, jini kaɗan yana tsattsafowa. Ya taɓa wurin, ya dubi yatsunsa, ya dubi katakon, ya daɗe yana dubansa. Ni ina durƙushe inda nake. Hannuna yana nan a kan mariƙin.

"Me ka sauke?" ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Jak, Baba."

"Na ce jak?"

"Ka ce shi."

"To, ƙafa ba shi ba ne?"

"Ƙafa mace ce," na ce. Ban san yadda maganar ta fito ba. Ina jin ta na so ƙasa ta tsage.

Ya dube ni. Ya dubi ƙafar, doguwa, baƙa, tana sheƙin sabon fenti. Ya sake dubana.

"Mace," ya ce. "Wa ya duba?"

Na janye hannuna daga mariƙin.

"Jak kuma namiji. To, Allah ya sanya albarka, sai mu ɗaura musu aure." Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, jini yana bin girarsa. "Shekara biyu ina ba ka wake, ashe kai kana can kana raba mini kaya maza da mata. Sifana fa?"

"Mace ce."

"Noti?"

"Namiji."

"Kai, Najeriya. Shi ya sa ba ku zo ƙwallo ba, kuna tsaye kuna tambaya ko ƙwallon mace ne."

Na kawo ruwa da auduga na wanke masa goshin. Na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga. Ya ce ya isa, khalas, wanda ya sauke jak shi ne ya jera katako, an yi canjaras. Amma ya kafa doka. Daga yanzu babu shi babu ita a wurin aikin nan. Kowane abu a kira shi da sunansa, kuma duk abin da ya faɗa in maimaita masa da baki kafin in taɓa.

Da muka sake ɗaga karaban ɗin sai dariyar ta ƙare. Sabuwar sandar tana tsakanin ƙafafun lokacin da gefe ɗaya ya faɗo, ta lanƙwashe a tsakiya kamar baka. Baba ya ɗora ta a kan siminti ya mirgina, tana tafiya tana ɗingishi. Da irin wannan sanda ƙafar dama ba za ta bi ta hagu ba. Mai shago kuma ya riga ya gaya mana babu wata. Ranar Alhamis ɗan kafilin zai zo da mota.

Baba ya zauna a matakala. Na tsaya ina duban jaridata, don ban san inda zan sa idona ba. A can ƙarshen layi, bayan notuna, tsohuwar sandar tana kwance da lambarta a gefe, ja wur da tsatsa. Baba ya so jefa ta a bola tun ranar Juma'a, na ce a bari sai an gama. Na ɗauko ta na ɗora a kan simintin na mirgina. Ta tafi sumul har ta daki katanga.

Kwana biyu muka yi muna gurzar ta. Ban je jami'a ba. Muka zauna a gindin kurna, ƙarshe ɗaya a cinyarsa, ɗaya a tawa, kowa da takardar gurza ƙarfe, jan garin tsatsa yana zuba a ƙafafunmu.  A hankali farin ƙarfe ya fara leƙowa daga ƙarƙashin jan, tabo tabo, har ya haɗe. Ramukan notinta sun yi daidai da na sababbin ƙafafun, sai ɗaya da Baba ya ɗan faɗaɗa da zarto mai zagaye. Muka janye ƙafafun biyu sama har ƙarshe don su fara tafiya daga wuri ɗaya, muka haɗa sandar, muka cika haƙoran da giris.

"Malam, zare fil na ƙafan dama, ka sauke ƙafan dama ƙasa."

"In zare fil na ƙafar dama, in sauke ƙafar dama ƙasa."

"Yalla, mu je."

Ranar Laraba da la'asar ya zura mariƙin ya juya da hannu ɗaya. Ƙafafun suka miƙe tare, babu ƙara, suka taka allunan da muka shimfiɗa a kan ramukan. Ya ci gaba da juyawa. Wuyan karaban ya rabu da jak, ya rabu da katako, ya yi sama a hankali har ya taɓa ganyen kurna. Baba ya sauke shi, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Ya yi haka sau huɗu, ba don akwai abin da ya rage a gwada ba.

Alhamis da hantsi ɗan kafilin ya shigo da wata babbar a-kori-kura, shi da kansa yake tuƙi. Matashi ne mai ƙiba, mai yawan duba waya. Ya gaida Baba, ya ce masa Hajji, ya zagaya karaban ɗin, ya tsuguna ya dubi ƙafafun, ya taɓa giris ɗin da yatsa ya rasa inda zai goge. Ya ga filastar da ke goshin Baba, bai tambaya ba. Baba ya ɗaga wuyan daidai tsayin farantin, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya.

Matashin ya hau mota ya yo baya. Farantin ya wuce guntun ƙarfen ta hagu. Ya yi gaba ya sake yowa, ya wuce ta dama. A karo na uku ya taho da sauri, sai da Baba ya buga jikin motar da tafin hannu ya tsaya. Ya zauna a ciki jim kaɗan, injin yana aiki. Sannan ya buɗe ƙofa ya sauko ya bar ta a buɗe.

"Yalla, ya Hajji."

Baba ya cire takalmansa ya ajiye a gefen kujera, ya hau. Ya gyara madubi ɗaya. Motar ta taho da baya a hankali, a hankali, kamar ruwa ne ke kawo ta. Guntun ƙarfen ya shige bakin farantin, aka ji ƙas, karaban ɗin gaba ɗaya ya ɗan girgiza ya tsaya. Baba ya sauko ya duba makullin, ya haɗa wayar fitilu, ya juya mariƙin. Ƙafafun suka bar ƙasa suka naɗe sama. Na cire waigi.

Ɗan kafilin ya tsaya yana kallon karaban ɗin, wayarsa a aljihu. Ya ce wani abu a hankali game da mahaifinsa wanda ban ji duka ba. Sannan ya miƙa hannu ya ce Baba ya kawo katin iƙamarsa, ranar Lahadi zai sa a sabunta.

Baba ya zaro katin daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya warware ledar a nutse ya miƙa da hannu biyu. Ya juyo gare ni ya yi magana da Hausa.

"Shekara ɗaya. Bayan nan ni zan faɗa."

Ya shiga ciki ya duba ko ya ɗaure tukwanensa, ya fito ya kulle ƙofa, ya naɗe matakala. Na buɗe masa babbar ƙofar gidan, ɓangare biyu. Karaban ya motsa, tayoyinsa suka fito daga gurbin da suka yi wa kansu, ya bi ta gabana dogo, fari, yana zubar da busassun ganye daga rufi. A bakin titi Baba ya yi kwana mai faɗi, ya fito da hannu ta taga ya ɗaga, bai waiwayo ba. Na tsaya har ya sha kwanar masallaci. Sannan na rufe ƙofar, na ɗauko shebur na fara cike ramukan.